Sunan ɗa da dokar tafiyarsa: yadda wasanni ke ɗaukar labari, daga shaɗaranji zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa

1. Gabatarwa

Kalmar wasa a Hausa tana da faɗi kamar yadda jeu ke da shi a Faransanci. Dara wasa ce, langa wasa ce, kokowa wasa ce, abin da ƴan kwaikwayo ke yi a gidan rediyo ko bisa dandali shi ma wasa ne. Halshe bai raba mai jera tsakuwa cikin gurabu da mai kwaikwayon alƙali ba. Manazarta adabi ne suka raba su: suka ɗauki wasan kwaikwayo suka ajiye shi kusa da tatsuniya da ƙagaggen labari, suka bar ma masana al'adu dara da ƴan'uwanta. Ko littattafan nan biyu da kowa ke ambatawa in an zo maganar wasa, na Johan Huizinga (1938) da na Roger Caillois (1958), labari bai cikin abubuwan da suka fi damunsu.

Wasannin na'ura mai ƙwaƙwalwa ne suka sake tayar da maganar. A 1997 Janet Murray ta fitar da littafi inda ta ɗauki kwamfuta a matsayin sabon dandalin ba da labari. A wannan shekarar kuma Espen Aarseth ya fitar da nasa, inda ya ɗora nauyi a kan aikin da ɗan wasa ke yi kafin matani ya buɗe masa. A 1999 Gonzalo Frasca ya nemi a ba nazarin wasa fanninsa na kansa, dabam da nazarin labari. An yi ƴan shekaru ana ja-in-ja tsakanin ɓangarorin biyu. A ganinmu matsalar ta girmi na'urar da ƙarnuka da yawa, kuma tarihi yana taimakawa a fahimce ta. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa cikin wannan ƙasida shi ne, wasa yana ɗaukar labari a wuri biyu: cikin sunaye da zanen da ke bisa allo, da kuma cikin dokar da ke tafiyar da ƴaƴa. Na farkon yakan zube a hanya duk lokacin da wasa ya ƙetare iyaka. Na biyun ya fi jure tafiya, kuma wani lokaci yakan faɗi abin da mai ƙirƙirar wasan bai yi nufi ba.

2. Giwar da ta zama wawan sarki

Shaɗaranji, wanda Faransawa ke ce ma échecs, ya fito Indiya wajen ƙarni na 6. Sunansa na asali, caturanga, yana nufin gaɓoɓi 4 na rundunar yaƙi: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Ke nan tun ranar farko allon fagen fama ne. Farisawa suka karɓe shi, Larabawa suka same shi wurinsu bayan sun ci Farisa a ƙarni na 7, daga nan ya bi hanyoyin Musulunci har Andalus.

Farisawa sun bar muna labari biyu game da asalinsa. Na farko, cikin wani ɗan littafi na tsohon Farisanci, yana cewa wani sarkin Indiya ne ya aiko ma Kisra Anushirwan (531–579) allo da ƴaƴa ba tare da bayani ba, da sharaɗin in Farisawa suka kasa gano dokar wasan su biya gandu. Waziri Buzurjumihir ya duba, ya gano, har ya ƙirƙiro wani wasan ya mayar ma Indiyawa, su kuma suka kasa. Labarin yana da daɗi, amma mai nazarin halshe ya san ba ya yiwuwa. Kallon gunkin doki ba ya gaya ma mutum yadda doki ke tsalle bisa allo, kamar yadda kallon baƙaƙen wani halshe ba ya koya ma mutum nahawunsa.

Na biyu ya fi shafarmu. Yana cikin Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a 1010. Ƴaƴan wata sarauniyar Indiya 2, Gaw da Talhand, suka yi yaƙi a kan gadon sarauta. Aka yi ma Talhand zobe ta kowane gefe, ya mutu bisa giwarsa ba tare da takobin kowa ya taɓa shi ba. Uwar ta ce Gaw ne ya kashe ɗan'uwansa. Sai masu hikima suka shata allo, suka jera rundunoni biyu, suka bi yaƙin taki-taki har wurin da sarki ya rasa mafita, don ta gani da idonta. Ta zauna gaban allon nan dare da rana har ita ma ta cika. A nan wasan shaida ce da aka kawo gaban mai makoki, kuma dokarsa ce ke ɗauke da hujjar: a shaɗaranji ba a cin sarki kamar sauran ƴaƴa, tsare shi ake yi har ya rasa gidan zuwa. Farisawa suna ce ma wannan hali shah mat, sarki ya rasa ta yi. Kunnen Balarabe ya ji māta, wato ya mutu, kalmar da masu kwatanta halsunan Afro-Asiya ke haɗawa da namu mutu. Daga nan échec et mat ya samo asali.

Da wasan ya shiga Turai, sai sunayen suka fara zubewa. Giwa, al-fīl, ba ta da ma'ana ga mutanen da ba su taɓa kai ta yaƙi ba. Mutanen Sifen suka riƙe sautin, alfil, ba tare da ma'anar ba. Italiyawa suka karkatar da shi zuwa alfiere, mai riƙe tuta. A tsohon Faransanci ya zama aufin, daga baya fou, wawan sarki. Ingilawa suka mai da shi babban limamin coci, Jamusawa suka ce mai gudu ne, ɗan aike. Dukansu bisa kusurwa suke tafiya kamar giwar da suka gada. Karusa, rukh, ta zama hasumiya, abin da ba ya motsi a duniya amma yake ratsa allo daga gefe zuwa gefe; sauran tsohon sunan yana nan cikin aikatau roquer.

Mafi ban sha'awa shi ne ɗan da ke zaune kusa da sarki. Ga Farisawa da Larabawa firzān ne, mashawarci, waziri, kuma rarrauna ne ƙwarai: gida 1 kawai yake takawa, bisa kusurwa. Wajen shekara ta 1000, cikin wata waƙar Latin da aka adana a gidan ibadar Einsiedeln a Suwis, ya riga ya zama sarauniya. Waziri ya zama mace, amma kusan ƙarni 5 tana takawa gida 1 kamar yadda yake yi. Sauyin suna bai taɓa wasan ba ko kaɗan. Sai wajen 1475, cikin wata waƙa ta birnin Balansiya mai suna Scachs d'amor, aka fara ganin sarauniya tana ratsa allo ta kowace fuska, kuma littafin Lucena na 1497 ya ƙara baza sabuwar dokar. Wannan karon wasan ya zama wani abu dabam. Dabarun buɗe wasa da masanan Bagadaza suka tara suka daina amfani, wasa ya yi sauri, ana iya tsare sarki cikin ƴan takawa kaɗan. Faransawan lokacin suka ce shaɗaranjin uwargida mahaukaciya ne.

Wannan sauye-sauyen suna ya faru kusa da mu ma. A 1934 C. K. Meek ya ba da bayanin wani shaɗaranji da ya tarar a Barno, ana ce masa tsatsarandi, wanda sunansa ma ya nuna daga Larabci ya zo. Sarki a cikinsa mai ne, na kusa da shi ciroma, na kusurwar allo kaigama. Mutumin Damagaram ba ya bukatar a fassara masa waɗannan sarautu. Wurin da Farisa ta zaunar da waziri, Turai ta zaunar da matar sarki, Barno ta zaunar da ɗan sarki mai jiran gado. Kowace fada ta ga kanta bisa gidajen nan 64.

Wanda ya fi kowa cika allon da labari shi ne Jacques de Cessoles, wani mai wa'azin Kirista na arewacin Italiya, wajen 1300. Ya ba kowane ɗaya daga dakaru 8 sana'a: manomi, maƙeri, ɗan kasuwa, likita, mai masauki da sauransu, ya gina ma kowanne wa'azi kan haƙƙin da ke kansa. An kwafi littafin ba adadi, kuma fassararsa tana cikin littattafan farko da William Caxton ya buga da Ingilishi, wajen 1474. Amma da zarar an fara wasa, manomi da likita taki ɗaya suke yi, wa'azin yana can bisa takarda. Abin da Saussure ya lura da shi ke nan cikin darussansa da aka buga a 1916: in aka musanya ƴaƴan itace da na hauren giwa, tsarin bai canja ba; in doki ya ɓata, kowane ɗan tsinke yana iya tsayawa madadinsa muddin an yarda da darajarsa; amma in aka ƙara ko aka rage yawan ƴaƴa, an taɓa nahawun wasan.

Darar da muke yi a ƙasa ita ce ƙarshen wannan hanya. Gurabu 30, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, babu sarki babu bawa. Duk da haka bakin masu wasa bai bar ta haka ba: gurbi gida ne, ɗauke ɗan abokin wasa ci ne, har magana ta fita daga gindin itace ta shiga zancen duniya, ana cewa dara ta ci gida. Labarin dara ƴan kallo ke ba da shi bayan an tashi.

3. Wasannin hanya

Akwai wani jinsin wasa wanda ya fi shaɗaranji kama da labari, domin yana da mafari da ƙarshe da abubuwan da ke faruwa tsakani. Hanya ce aka yanka gida-gida, a jefa wuri ko ƙwaya mai ɗigo irin ta ludo, a taka adadin da ya fito. Babu dabara a ciki.

A Indiya ana ce ma ɗaya daga cikinsu gyan caupar, wasan sani. Allunan da suka rage, yawancinsu na ƙarni na 18 da na 19, suna da gida 72 wurin Hindu, 84 wurin mabiya addinin Jain, akwai kuma na Sufaye Musulmi mai gida 100. Kowane gida da sunansa rubuce: wani haɗama, wani girman kai, wani tausayi, wani ilimi. Gidan halin kirki yana gindin tsani, gidan mugun hali yana bakin maciji. Ɗan wasa rai ne mai hawa da sauka har ya kai ga tsira. A 1892 aka fara sayar da shi a Ingila, da sababbin sunaye da suka dace da tarbiyyar yaran Turawan zamanin: tattali da ƙwazo a gindin tsani, lalaci da rashin biyayya a bakin maciji. A 1943 kamfanin Milton Bradley ya fitar da shi a Amurka, ya cire macizan ma, ya sa abin sulun yara a madadinsu. Wanda ake samu a bayan allon ludo a kasuwar Maraɗi ko ta Tawa lambobi ne kawai daga 1 zuwa 100, da macizai da tsani, babu kalma ko ɗaya. Addini biyu ko uku sun zube a hanya. Abin da ya iso shi ne dokar: ba ka da zaɓi, kuma maciji mafi tsawo yakan jira kusa da ƙarshe. Yaron da ya faɗa bakinsa a gida na casa'in da wani abu ya ji abin da allon Indiya ke son ya ji, ko da bai san sunan laifin da ya yi ba.

Turai tana da nata, jeu de l'oie, wasan dinya, wanda ya bazu daga Italiya a ƙarshen ƙarni na 16. A 1597 an riga an yi rajistarsa a Landan. Gida 63 ne a naɗe kamar gammo: gada a 6, masauki a 19, rijiya a 31, gidan kaso a 52, mutuwa a 58, wadda ke mai da mutum mafari. Wannan ƙwarangwal ɗin ya zama tamkar buhu, kowa ya zuba abin da yake so. A 1645 Pierre Duval ya zuba ƙasashen duniya don koyar da labarin ƙasa. Lokacin juyin juya halin Faransa aka buga wanda ya fara daga faɗuwar Bastille ya ƙare a majalisar dokoki. A 1898 aka yi na shari'ar Dreyfus, mai kaiwa ga gaskiya a gidan ƙarshe. A 1899 Jules Verne ya juya abin: cikin Le Testament d'un excentrique ya mai da jihohin Amurka gidajen wasa, mutanen labarin kuma ƴaƴan da ake turawa.

Daga wannan gidan ne wasannin mulkin mallaka suka fito. Wani da aka buga a Faransa a 1941, Jeu des échanges France-Colonies, yana sa yaro ya kafa tuta, ya gina asibiti da makaranta, sa'an nan ya kwaso albarkatun ƙasar ya kai Faransa. Mai nazari yana iya ɓata lokaci a kan zanen da ke bisa allon. A ganinmu babban zancen yana cikin rabon aiki: mutanen ƙasashen da ake kwasa ba su cikin masu jifa, suna cikin abin da aka zana a ƙasan allo, tare da gyaɗa da auduga.

4. Dokar da ta kayar da mai ita

Misalin da ya fi kowane nuna ƙarfin doka shi ne na Elizabeth Magie, wata Ba'amurkiya mai bin ra'ayin Henry George. George ya rubuta a 1879 cewa hayar ƙasa ce ke tara dukiya hannun ƴan kaɗan tana talauta saura, kuma maganin shi ne haraji guda bisa darajar ƙasa. Magie ta ga mutane ba su karanta littattafan tattalin arziki, sai ta ce bari su ji abin a jikinsu. A watan Janairu na 1904 ta samu takardar mallakar wani wasa, The Landlord's Game, wasan mai gidan haya. Hanyar ba ta da ƙarshe, zagaye take yi. Ana sayen filaye, ana biyan haya, akwai layin dogo, akwai gidan kaso. Ta tanadi doka iri biyu. A ɗaya, kowa yana neman karya ɗan'uwansa har mutum 1 ya rage. A ɗayar, hayar ƙasa tana shiga baitulmali kowa ya amfana. Nufinta a yi na farko a ji zafinsa, a yi na biyu a ga bambanci.

Wasan ya yi shekara kusan 30 yana yawo hannu da hannu. Ɗalibai da malaman jami'a suna zana shi bisa ƙyalle, kowa ya sa sunayen titunan garinsu. A wannan yawon doka ta biyu ta faɗi, domin ta farko ta fi daɗin wasa. Wasu mabiya ɗariƙar Quaker a birnin Atlantic City suka sa nasu titunan, kuma wannan kwafin ne ya isa hannun Charles Darrow, wanda ya sayar ma kamfanin Parker Brothers a 1935 da sunan Monopoly, a matsayin abin da ya ƙirƙiro da kansa. Kamfanin ya sayi takardar Magie dala 500. A 1936 aka fitar da na Faransa da titunan Paris.

Yadda asirin ya tonu zai burge duk wanda ya taɓa kwatanta kwafe-kwafen rubutun ajami. Akwai wata unguwa kusa da Atlantic City mai suna Marven Gardens. Mutumin da ya koya ma Darrow wasan ya rubuta Marvin bisa allonsa, Darrow ya kwafe har da kuskuren, kamfani ya buga shi haka. Da wani malamin tattalin arziki, Ralph Anspach, ya fitar da wasansa Anti-Monopoly a 1973 aka shiga shari'a da shi, ya bi salsalar wasan, wannan baƙi guda yana cikin abin da ya nuna wane ya kwafi wane. Kuskuren da kwafi biyu suka yi tarayya a kai shi ke nuna dangantakarsu, kamar yadda masu tace matani suka sani tun ƙarni na 19.

Magie ta yi daidai da ta gane doka tana iya yin hujja. Abin da ba ta auna ba shi ne wurin zaman ɗan wasa. Ta so ya ji zafin mai biyan haya, dokar kuwa ta ba shi begen zama mai karɓa. Wasan da aka yi don sukar masu tara filaye ya zama bikinsu, alhali ba a canja ko ɗaya daga manyan dokokinsa ba.

5. Mai ba da labari ya shiga cikin wasa

Duk wasannin da muka ambata ba su da baki. Bakin ya shigo ta wata hanya da ba a zata ba, wato horon soja. A 1824 wani hafsan Furusiya, Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi bisa taswira wanda ke da alƙali: kowane ɓangare ya rubuta umurninsa, alƙalin ya auna, ya gaya ma kowa abin da sojansa suka gani kawai. Shekara 150 bayan haka, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Kowane ɗan wasa mutum 1 yake riƙe da shi maimakon runduna, alƙalin kuma ya zama mai ba da labari: ya siffanta wuri, ya tambayi ƴan wasa abin da za su yi, ƙwayar jifa ta yanke hukunci, ya ci gaba daga nan. Ya yi kama da mai tatsuniya da masu sauraronsa, da bambanci guda babba: a tatsuniya yara suna amsawa, suna yin waƙar tare, amma ba su iya hana Gizo shiga gonar sarki.

Wajen 1975 zuwa 1976 wani injiniya mai suna Will Crowther, wanda ke yin wannan wasan kuma yake shiga kogunan dutse na jihar Kentucky, ya ɗora ma kwamfuta aikin mai ba da labarin. Ya rubuta Adventure, da nufin ƴaƴansa mata 2 su samu abin wasa. Don Woods ya faɗaɗa shi a jami'ar Stanford a 1977. Babu hoto ko ɗaya. Na'ura ta rubuta inda kake da abin da ke gabanka, kai kuma ka ba ta umurni da kalma 1 ko 2, aikatau da suna.

Da wannan hanyar aka fara ba da labaran da ba a saba ji ba. Muriel Tramis, injiniya ƴar Martinik da ke aiki a kamfanin Coktel Vision a Faransa, ta fitar da Méwilo a 1987. Labarin yana faruwa a birnin Saint-Pierre ana jajibirin aman wutar dutsen Pelée na 8 ga Mayu 1902, kuma binciken da ɗan wasa ke yi yana kai shi ga tarihin bauta a tsibirin. A 1988 ta fitar da Freedom, inda ɗan wasa bawa ne a gandun rake, yana fita da dare yana neman waɗanda za su bi shi a yi tawaye, yana kauce ma karnuka da masu gadi. Patrick Chamoiseau, wanda ya ci kyautar Goncourt a 1992, shi ya yi aikin rubutun tare da ita. In aka ajiye Freedom kusa da wasan 1941 za a ga abin da ya canja: wanda dā yake cikin zane yanzu shi ke riƙe da wasan, kuma yana iya faɗuwa, ya sake, ya sake faɗuwa. Ƙagaggen labari yana iya gaya ma mai karatu cewa tawaye yana da wuya. A nan shi ne ke rasa mabiya.

Lucas Pope ya kai wannan dabara nesa cikin Papers, Please (2013). Ɗan wasa ma'aikacin kan iyaka ne a wata ƙagaggiyar ƙasa. Ana biyansa gwargwadon yawan mutanen da ya duba, ana cin shi tara in ya yi kuskure, da yamma kuma ya raba abin da ya samu tsakanin haya, abinci da maganin iyali. Wani mutum ya wuce da takardu cikakku, matarsa ta biyo ba ta da izinin shiga. Babu wanda ya yi ma ɗan wasa wa'azi, lissafin albashi ne ke matsa shi. Abin da Magie ta nema ke nan, sai dai Pope ya zaunar da ɗan wasa a kujerar da ta dace. A nahiyarmu, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016, labarin wani yarima da surukinsa ya ƙwace ma sarauta ranar naɗinsa da aurensa. A can sunaye da tufafi da zane ne suka fi ɗaukar nauyin Afirka, dokar faɗan kuwa ta gidan wasannin Japan ce.

6. Kai ko ke

Saura mu duba abin da wannan ke nufi ga halshe. A 1959 Émile Benveniste ya raba magana gida biyu: histoire, inda abubuwa ke zuwa da mutum na uku kamar babu mai faɗa, da discours, inda akwai ni da kai, nan da yanzu. Tatsuniya tana cikin na farko, da jerin sai ya, sai ta, sai suka. Wasa irin na Crowther labari ne da aka zuba gaba ɗaya cikin na biyu: na'ura tana magana da mutum na biyu a lokaci mai ci, ɗan wasa yana amsawa da umurni.

Ingilishi ya sauƙaƙa ma Crowther aiki, domin wakilin sunansa na mutum na biyu ba ya rarrabe jinsi. Ƴaƴansa mata da abokan aikinsa maza jimla ɗaya suka karanta. Hausa ba ta ba da wannan dama. Tun jimlar farko dole na'ura ta zaɓa: kana tsaye bakin kogo, ko kina tsaye, ka ga fitila, ko kin ga, hannunka, ko hannunki. Tana iya fakewa da kuna na girmamawa, amma sai ta zama kamar mai magana da surukinta. Tana iya cewa ana tsaye bakin kogo, amma sai ɗan wasa ya fita daga labarin, a koma histoire ta ƙofar baya. Hanyar da ta rage ita ce a tambayi ɗan wasa jinsinsa kafin a fara, a rubuta kowace jimla sau 2.

Ɓangaren umurni ma yana da tasa matsalar. Shirin Crowther baƙaƙe 5 na farkon kalma kawai yake karantawa, don tsimin wuri. Ingilishi ya jure wannan saboda ma'anar aikatau tana gabansa. Hausa kuwa a wutsiya take ajiye abubuwa masu muhimmanci: ɗauki fitila, ɗauke ta, ɗauko ta. Na'ura mai yanke kalma a baƙi na 5 za ta ga gangara da gangaro abu ɗaya ne, kuma abin da zai rage hannunta ganga ce. Ko an gyara wannan, wasalin -o yana tayar da tambayar da Ingilishi bai tilasta a amsa ba. Shiga da shigo, fita da fito, hau da hawo, duk suna auna motsi daga inda mai magana yake. A wasan, mai ba da umurni yana zaune gaban na'ura, wanda ake umurta kuwa shi ne dai, a cikin kogo. In ya rubuta fito, yana kiran kansa ne zuwa ɗakin da yake zaune. In ya rubuta fita, ya yarda cewa yana ciki. Duk mai son rubuta irin wannan wasa da Hausa sai ya yanke wannan hukunci kafin ya rubuta jimlar farko, ko kuma ya koya ma na'urar karɓar duka biyun.